Likita Paul Dudley White, Mutumin Da Ya Koya Wa Jama'a Tsaron Zuciyarsu

A wannan mako za mu duba rayuwar wani likita ɗan ƙasar Amurka mai suna Paul Dudley White, wanda ya rasu tun shekarar 1973. Sunansa na fari shi ne wanda muke kira Bulus a Hausa. Shi ba mai wa'azi ba ne, likitan zuciya ne, amma aikinsa ya shafi kowane gida a cikin ikilisiyoyinmu. Wane ne a cikinmu bai taɓa zuwa jana'izar wani dattijo ko wata uwa ba, wadda aka ce jiya an gan ta lafiya lau a kasuwa, yau kuwa ta yanke jiki ta faɗi? Sau da yawa bayan an gama biso sai a shiga raɗe-raɗi, wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce sammu ne, har zumunci ya lalace tsakanin dangi. Likita White ya ba da shekara 60 na ransa yana neman sanin abin da ke kawo irin wannan mutuwa, da yadda za a hango ta tun tana nesa.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haife shi ran 6 ga watan Yuni, 1886, a unguwar Roxbury ta birnin Boston. Mahaifinsa, Herbert White, likitan unguwa ne mai bin marasa lafiya gida gida, iyalin kuwa 'yan ikilisiyar Baftis ne. A zamanin babu mota, saboda haka uban yakan zaga da keken doki, yaron kuma yakan bi shi. A nan ya fara ganin yadda likita ke zama kusa da majinyaci, ya saurare shi, ya kuma kwantar wa iyalinsa da hankali.

Baƙin ciki ya shiga gidan sa'ad da ƙanwarsa ta rasu tana da shekara 12 kacal. Abin da ya ɗauke ta shi ne zazzaɓin rumatik. Wannan ciwo yakan fara da ciwon maƙogwaro wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa. Idan ba a yi magani ba, bayan mako biyu ko uku sai gaɓoɓin yaro su kumbura su yi zafi, sa'an nan ciwon ya gangara ya lalata ƙyamaren da ke cikin zuciya, waɗanda ke buɗewa su rufe domin jini ya bi hanya ɗaya. A lokacin ba a gano fenisilin ba tukuna. Uban likita ne, amma yana ji yana gani 'yarsa ta tafi, ba abin da ya iya yi. Wannan rashi yana cikin abubuwan da suka karkata hankalin Paul ga ciwon zuciya.

Ya yi karatu a Jami'ar Harvard, ya gama makarantar likitanci a 1911, ya kama aiki a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston. Tun yana sabon likita, shi da wani abokin aikinsa mai suna Roger Lee suka fito da wata hanya mai sauƙi ta auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Ɗakunan gwajin jini a ƙasashe da yawa sun daɗe suna amfani da ita da sunan mutanen biyu.

Karatu a Landan

A 1913 aka ba shi guzurin ƙaro ilimi a Landan wurin Thomas Lewis, babban masanin bugun zuciya na Ingila. A can ya koyi aiki da wata sabuwar na'ura wadda wani ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Einthoven ya ƙera, ita ce yanzu muke jin ma'aikatan asibiti suna kira i-si-ji. Duk sa'ad da zuciya za ta buga, wata 'yar wutar lantarki takan ratsa namanta. Na'urar tana kama wannan wuta ta zana ta a kan takarda, likita kuma ya karanta zanen ya gane ko bugun daidai yake, ko wani sashe na zuciyar ya sami rauni. Ta farko da Einthoven ya ƙera nauyinta ya kai kilo 270, majinyaci kuwa sai ya tsoma hannuwansa da ƙafa ɗaya cikin bokitan ruwan gishiri kafin a auna shi. Yau ga ta 'yar ƙarama ana ɗauka da hannu ɗaya.

A 1914 White ya komo Boston da irin wannan na'ura, ya kafa ta a asibitinsu. Waɗansu manyansa suka ba shi shawara kada ya ƙuntata kansa ga zuciya kaɗai, gama a ganinsu fage ne ƙarami wanda ba zai kai shi ko'ina ba. Suna da hujjarsu, domin a lokacin tarin fuka da ciwon huhu da zazzaɓin taifot su ne ke cika asibitoci. Ciwon toshewar jijiyar zuciya kuwa likitoci kaɗan ne suka iya gane shi ga mai rai. A 1912 wani likitan Chicago mai suna James Herrick ya bayyana shi dalla dalla, amma ba wanda ya kula. Wannan Herrick ɗin shi ne kuma ya fara rubuta bayanin ciwon sikila a 1910, ciwon da muka sani sarai a gidajenmu.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa aiki. Ya yi hidimar likitan soja a Faransa, da fari tare da sojojin Ingila a 1916, daga baya tare da na Amurka. Bayan yaƙi ya tafi ƙasar Girka tare da ƙungiyar Red Cross a 1919, inda annoba ke cin mutane, kafin ya koma gida.

Aikinsa a Boston

Halin da ya bambanta shi da sauran likitoci shi ne riƙon rubutu. Duk majinyacin da ya duba sai ya rubuta labarinsa filla filla: shekarunsa, sana'arsa, abincinsa, ciwon da ya kashe iyayensa, da abin da na'ura ta nuna. Ba ya kuma rabuwa da mutum don ya bar asibiti. Yakan bi sawunsa da wasiƙa shekara da shekaru domin ya san yadda ya ƙare. Da haka ya gane wani abu da ya saɓa wa koyarwar zamaninsa, watau mutane da yawa da aka yanke musu ƙauna sun rayu shekara 10, 20, har fiye, suna aikinsu. Tun daga nan ya ƙi jinin tsoratar da majinyaci. Yana ganin tsoro da zaman banza sukan kwantar da mutum kafin ciwon ya kwantar da shi.

A 1924 shi da likitoci biyar suka kafa Ƙungiyar Zuciya ta Amurka. A wannan shekara kuma ya auri Ina Reid, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a wadda ya sadu da ita ta wurin aikin asibiti. Suka ɗauki yara biyu riƙo, suka rene su a matsayin 'ya'yansu.

A 1930 shi da Louis Wolff na Boston da John Parkinson na Landan suka buga bayanin mutum 11, galibinsu matasa masu ƙoshin lafiya, waɗanda zuciyarsu kan ɗauki gudu farat ɗaya, ta daɗe tana yi, sa'an nan ta komo daidai. Sun lura zanen na'urar mutanen nan yana da wata alama iri ɗaya. Daga baya aka tabbatar cewa an haife su ne da wata ƙarin hanyar wutar lantarki a cikin zuciya. Har wa yau ana kiran ciwon da sunan mutanen uku, likitoci kuma sukan warkar da shi ta wurin zura siririyar waya cikin jijiya har zuciya su ƙone ƙarin hanyar. A 1931 ya buga babban littafinsa mai suna Heart Disease, watau ciwon zuciya, wanda ɗaliban likitanci suka yi shekaru suna dogara da shi. A tsawon ransa ya rubuta littattafai 12 da maƙaloli fiye da 700.

Son saninsa bai tsaya kan mutane ba. Ya auna bugun zuciyar giwa, ya tarar a hankali take bugawa, ƙasa da ta mutum nesa. A 1952 ya bi masunta zuwa tekun Alaska, suka auna zuciyar wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kifi. Yana so ya san yadda girman zuciya ke canza bugunta, domin ya iya bambanta abin da ke na halitta da abin da ke na cuta.

Garin Framingham

Ran 12 ga Afrilu, 1945, shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu yana da shekara 63, jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. A ranar awon jininsa ya kai 300 bisa 190. Ya yi shekaru da hawan jini, amma a zamanin likitoci da yawa suna ɗauka cewa hawan jini abu ne da ke zuwa da tsufa, har waɗansu na ganin rage shi haɗari ne. Magungunan rage shi ma kusan babu su. A lokacin ciwon zuciya da na jijiyoyin jini sun riga sun zama abin da ya fi kashe Amurkawa, ba wanda kuma ya san dalili.

A 1948 shugaba Harry Truman ya sa hannu a dokar da ta kafa Cibiyar Zuciya ta Ƙasa, aka naɗa White babban mai ba ta shawara. Yana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a kan wani bincike da aka fara a wannan shekara a Framingham, wani gari mai mutum wajen 28,000 kusa da Boston. Dabarar binciken mai sauƙi ce, sai dai tana bukatar haƙuri. Maimakon a jira mutum ya kwanta ciwo, sai a ɗauki masu lafiya a riƙa duba su. Maza da mata 5,209 suka ba da kansu. Kowace shekara biyu sukan zo a auna nauyinsu da jininsu, a ɗauki zanen zuciyarsu, a tambaye su abin da suke ci da abin da suke sha. Sa'an nan a zuba ido a ga su wane ne ciwo zai kama, da abin da ya bambanta su da sauran.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da Daniyel sura 1, inda aka ware samari huɗu a kan ganye da ruwa kwana goma, sa'an nan aka gwada su da masu cin abincin sarki. Na Framingham ya ɗauki shekaru masu yawa, mutanen kuma kowa yana cin abin da ya saba, amma tushen hikimar ɗaya ne, watau a kwatanta a gani da ido.

A 1957 sakamako na fari ya fito, ya nuna masu hawan jini da masu yawan wani kitse na cikin jini da ake kira kolastarol sun fi kamuwa da ciwon zuciya. A farkon shekarun 1960 aka ƙara da shan taba. A 1961 likita William Kannel da abokan aikinsa suka buga rahoton da ya yaɗa koyarwar nan ta abubuwan da ke ƙara haɗari, wadda yanzu kowane ma'aikacin lafiya ya sani. Daga baya aka ƙara ƙiba, rashin motsa jiki da ciwon sukari, aka kuma tabbatar a 1970 cewa hawan jini yana jawo shanyewar ɓarin jiki. A 1971 aka ɗauki 'ya'yan mutanen farko su 5,124, a 2002 kuma aka ɗauki jikokinsu. A 1998 masu binciken suka fito da wani lissafi wanda likita zai haɗa shekarun mutum, awon jininsa, kitsen jininsa, ko yana shan taba, ko yana da ciwon sukari, ya faɗi yawan haɗarin da yake ciki na shekara 10 masu zuwa.

Wannan ba duba ba ne, ba kuma annabci ba ne. Lissafin ba ya faɗin ranar mutuwar kowa, gama wannan a hannun Allah take. Abin da yake cewa shi ne, cikin mutum 100 masu irin halin nan, kaza ne ciwo zai kama idan ba a canza kome ba. Kamar manomi ne da ya ga hadari ya haɗu a gabas, ya kwashe hatsin da ya shanya.

Ciwon shugaban ƙasa

Da tsakar daren 24 ga Satumba, 1955, shugaba Dwight Eisenhower ya farka da ciwon ƙirji a birnin Denver. Shekarunsa 64, ya kuma yi shekaru yana shan kwalin taba huɗu a rana kafin ya daina a 1949. Da fari aka sanar cewa ɓacin ciki ne. Sai da rana ta yi aka kawo na'ura, ta nuna jijiyar zuciya ce ta toshe.

Bari mu ɗan bayyana abin da ke faruwa. Zuciya nama ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya. Ita ma tana bukatar abinci, akwai kuwa ƙananan jijiyoyi da ke kwance a bayanta suna kai mata jini. Shekara da shekaru kitse yakan taru a bangon jijiyoyin nan kamar yadda laka ke cika lambatu. Wata rana tarin ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta rufe. Naman da ke gaba da wurin ya rasa jini ya fara mutuwa. Abin da mutum ke ji ke nan kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, da zufa, da ciwo mai gangarawa hannun hagu ko muƙamuƙi.

Kashegari aka ɗauko White a jirgin sama zuwa asibitin soja na Fitzsimons. Hankalin ƙasar duka ya tashi, har ran Litinin kasuwar hannun jari ta faɗi, aka yi hasarar wajen dala biliyan 14 a rana ɗaya. White ya tsaya gaban 'yan jarida ya yi abin da ba a saba ba. Ya bayyana ciwon da harshe mai sauƙi, ya faɗi abin da shugaban ya ci, har ya ambaci cewa ya yi bayan gida lafiya. Waɗansu suka ga wannan rashin kunya ne, amma likitocin ƙasar sun gane alama ce mai kyau, jama'a kuma suka ga ba a ɓoye musu kome ba. A cikin 'yan kwanakin nan miliyoyin mutane suka koyi abin da ake nufi da toshewar jijiyar zuciya.

Bisa al'adar lokacin, mai irin wannan ciwo yakan kwanta mako shida ba motsi, da yawa kuma ba sa komawa aiki har abada. White yana cikin masu ganin a ta da majinyaci da wuri, a zaunar da shi a kujera, ya fara takawa kaɗan kaɗan. Aka kuma ba shugaban maganin hana jini daskarewa mai suna warfarin, wanda da fari maganin ɓera ne, sai a 1954 aka yarda a ba mutane shi da awo. Eisenhower ya bar asibiti ran 11 ga Nuwamba yana tafiya da ƙafarsa. A Fabrairun 1956 White ya faɗa wa ƙasar cewa a ganin likitoci shugaban zai iya ci gaba da aiki shekara biyar zuwa goma. Waɗansu suka zarge shi da tsoma baki cikin siyasa, da a ce kuwa shugaban ya faɗi a kan mulki da sunan White ya ɓaci. Eisenhower ya sake cin zaɓe, ya gama wa'adinsa a 1961, ya rayu har ran 28 ga Maris, 1969, ko da yake ciwon ya sake kama shi sau da dama.

Likita a kan keke

Sunan da ya samu bai sa ya nemi dukiya ba. Ya mai da shi hanyar yi wa jama'a gargaɗi. Siririn dattijo ne mai farin gashi, ana ganinsa a kan keke cikin Boston, idan kuwa ya shiga dogon bene yakan bar na'urar hawa ya bi matakala. Koyarwarsa ita ce mutum ya yi tafiya da ƙafa, ya rage ci, kada ya yi ƙiba, ya bar taba, ya yi barci isasshe, kada kuma ya daina aiki don ya tsufa.

Yana da hujja a hannu. A 1953 wani likitan Ingila, Jeremy Morris, ya nuna cewa direbobin bas na Landan, masu wuni a zaune, sun fi kwandastocinsu kamuwa da ciwon zuciya, su da ke wuni suna hawa da sauka a matakalar bas mai bene. Akwai kuma Clarence DeMar, wanda ya ci tseren dogon zango na Boston sau bakwai. Tun yana saurayi wani likita ya gargaɗe shi ya bar gudu saboda zuciyarsa, amma ya ci gaba har ya kusa shekara 70. Ciwon daji ne ya kashe shi a 1958. White da wani abokin aikinsa suka bincika zuciyarsa, suka buga a 1961 cewa jijiyoyinta sun ninka na sauran mutane faɗi sau biyu ko uku.

Ya kuma ɗauki aikin zuciya a matsayin hanyar sulhu tsakanin ƙasashe. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin zuciya ta duniya, ya kuma shugabance ta. A lokacin da Amurka da Rasha ba sa ga maciji ya yi ta ziyartar likitocin Rasha. A Satumban 1971, yana da shekara 85, yana cikin likitocin Amurka na farko da suka shiga ƙasar Sin bayan fiye da shekara 20 da rufe ƙofa. A 1964 shugaba Lyndon Johnson ya ba shi lambar girma mafi daraja da ake ba farar hula a Amurka.

Ƙarshen kwanakinsa

Ya ci gaba da duba marasa lafiya har kusan ƙarshe. A 1973 shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta sake komowa, ya rasu a Boston ran 31 ga Oktoba, yana da shekara 87. Motsa jiki bai hana shi mutuwa ba, shi ma bai taɓa yi wa kowa wannan alkawari ba. Amma ya wuce shekarun mahaifinsa da 16, gama ciwon zuciya ya ɗauke uban yana da 71. An sa sunansa a hanyar masu keke da ke bakin kogin Charles a Boston, a 1986 kuma aka buga kan sarki mai hotonsa. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne, daga ƙarshen shekarun 1960 yawan masu mutuwa da toshewar jijiyar zuciya a Amurka ya ragu da fiye da rabi, ta wurin barin taba, maganin hawan jini da na kitse, da ingantacciyar jinya.

Abin da ya rage gare mu

Aikin bai ƙare ba. Mutanen Framingham kusan dukansu Turawa ne, saboda haka lissafinsu ba ya dacewa da kowace al'umma daidai. Shi ya sa a shekarar 2000 aka fara irin wannan bincike a kan baƙaƙen fata fiye da 5,000 a birnin Jackson na Amurka. A 2004 kuma wani bincike na ƙasashe 52, har da na Afirka, ya nuna abubuwa tara ne ke ɗauke da wajen kashi 90 cikin 100 na haɗarin, galibinsu kuwa waɗanda Framingham ta fara nunawa ne. A nan gida, likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi nazari a shekarun 1970 a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka yi zargin yawan kunun kanwa da zafin jego, binciken baya kuma ya nuna talauci da rama da hawan jinin masu ciki suna da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ciwon zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu.

Saboda haka, 'yan'uwa, hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya yawo da shi shekara goma ba ya jin kome. Duk wanda ya manyanta ya je a auna shi, idan kuwa awon ya yi ta kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, ya ga likita. Iyayenmu mata su rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, gama gishirin da ya kamata babba ya ci a rana bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Masu taba su bari, masu burkutu su yi wa kansu faɗa. Inda ƙafa ko keke za su kai mu, kada mu tsai da mai babur. Yaro kuma idan ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi asibiti, domin fenisilin da ƙanwar White ba ta samu ba yau yana nan da araha. Wanda ya ji nauyi a ƙirji da zufa, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ya mutu, a yi addu'a a cikin mota ana tafiya asibiti, kada a jira gari ya waye.

Akwai kuma maganar da ta fi damunmu. Muna da 'yan'uwa waɗanda suke zubar da maganin hawan jini bayan taron farkawa, suna cewa shan magani rashin bangaskiya ne. Bayan 'yan watanni sai mu je gaishe su a kan tabarma, ɓarin jiki ya shanye. Mu tuna da sarki Hezekiya a 2 Sarakuna sura 20. Ya yi kuka ga Ubangiji, aka ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Manzo Bulus ya yi tafiya da Luka likita, yana kuma ƙaunarsa. Ubangijinmu da kansa ya ƙi dirowa daga kan haikali domin ya gwada Allah. Maganin hawan jini ba ya warkar da ciwon, riƙe shi yake yi, ranar da aka bar shi kuwa jinin yakan sake hawa.

Muna roƙon dattawan ikilisiya da zumuntar mata da ta matasa su duba ko za su haɗa kuɗi su sayi ma'aunin jini ɗaya, su roƙi nas ko ma'aikacin lafiya da ke cikinsu ya riƙa auna jama'a bayan sujada sau ɗaya a wata, a kuma ajiye littafi ana rubuta awon kowa, yadda Likita White ya riƙa rubuta na majinyatansa. Ubangiji ya ba mu hikimar kula da jikin da ya ba mu amana, ya ta'azantar da gidajen da wannan ciwo ya yi wa rashi, ya kuma ƙarfafa hannun likitocinmu da ma'aikatan jinya. Amin.